Ranar da Ma'auni Ya Ɗaga Tuta

Tun da aka fara zalunci a bayan ƙasa ba a taɓa yi wa ɗan Adam irin wanda aka yi wa Tela Ma'auni ba. An tuɓe sarakuna, an ƙwace gonakin marayu, an ɗaure marasa laifi, amma in ka ji Tela yana ba da nasa labarin sai ka gane duk waɗancan wasan yara ne. Mutum magidanci, mai keken ɗinki har biyu, mai gemun da kullum safiya sai ya bi furfurarsa da baƙin rini, shi aka ɗaga daga kujerarsa ta shagon aski aka mayar benci. Bencin ma ba na tsakiya ba. Na can ƙurya, wanda ya jingina da janareta, inda hayaƙi ke shiga ta hanci ya fito ta ido.

Sai an san kujerar za a san girman ta'asar. A shagon Mai Aski akwai talabijin da duk unguwa ke taruwa kallon ƙwallo, a gabanta kuma akwai wata tsohuwar kujerar aski mai juyawa. Fatarta ta yage, soso ya leƙo, in aka juya ta tana kuka kamar akuya. Amma duk wanda ke kanta shi ke da maganar ƙarshe a kan kowane wasa, kuma shekara da shekaru Tela ne a kai.

Ƙwarewarsa ba a kan 'yan wasa take ba, ba kuma a kan koci ba. Masu ɗaga tuta ya sa wa ido, mutanen nan biyu da ke bin layin gefen fili suna taimaka wa rafali. Da zarar an nuno ɗayansu sai Tela ya juya kujera ya fuskanci jama'a.

"Ku dubi makaho! Satar gida ƙiri-ƙiri! Ɗan gaba ya wuce 'yan baya da kamu guda tun kafin a ba shi ƙwallo, shi kuma ya tsaya da tuta a hannu kamar mai jiran mota!"

"Ai sai da aka maimaita a hankali sannan ka gani," in ji Mai Aski.

"Na gani tun kafin ta faru. Ni da nake auna wandon mutum daga tsallaken titi ba tef? Me ya sa ake ce min Ma'auni?"

"Kai ka raɗa wa kanka. Kuma wandon da ka ɗinka min ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo."

"Ƙafarka ce ba daidai ba. Je ka kai ƙara wajen wanda ya haife ka."

Ana cikin haka wasan ƙarshe na kofin unguwanni ya ƙarato, 'yan bakin gareji, wato ƙungiyar unguwarsu Tela, za su kara da 'yan bayan tasha. Wata rana Tela ya zagi wani mai tuta na talabijin har kakanninsa, sai Mai Aski ya kashe injin aski ya ce, "Surutu ya isa. Ranar wasan ƙarshe ka riƙe tuta mu gani. In aka tashi lafiya kujerar nan taka ce, ko ka mutu ba mai hawanta. In kuwa ka yi shirme, ka ga bencin can?"

"Jama'a ku shaida," in ji Tela, ya bugi ƙirji har ya yi tari.

Mai Aski ya faɗi haka ne don ya san tutar unguwa tana da mai ita. Wani direban bas ne, wanda kowa ke kira Direba, shi ke riƙe ta a kowane wasa, kuma ba ya sakar wa kowa. Sai ga shi ana gab da wasa Direba ya samu labari wai an ɗage, wai kofin bai iso ba. Ya cika motarsa da fasinja ya yi tafiya mai nisa. Wanda ya kai masa wannan labari, an ce wani mutum ne mai baƙin gemu ƙwarai, da tef rataye a wuya. Unguwa kuwa cike take da irin waɗannan mutane, don haka kada a yi saurin zargi.

Da masu shirya wasa suka rasa Direba, suka zo shago suka miƙa wa Tela tuta. Ya karɓe ta da yatsa biyu.

"Wannan hankici ne ko tuta? Ku mayar wa mai mura. Ni zan zo da tawa."

Ya zazzage buhun ƙyallaye bai ga abin da ya dace da mutuncinsa ba. Da ya koma gida, matarsa ta fita kasuwa, sai idonsa ya faɗa kan sabon labulen falo, rawaya mai sheƙi da jar geza a ƙasa. Bai yi shawara da kowa ba. Almakashi ya ci rabi, ƙarfen labulen ya zama sandar tuta, ragowar ya cusa ƙarƙashin gado.

"Baban yara, ina labulena?" in ji matar da ta dawo ta tarar rana har tsakiyar falo.

"Na kai wanki."

"Sabo fil?"

"Datti bai san sabo ba."

"Ƙarfen ma wanki ka kai?"

"Ke kin cika bincike. Kawo min ruwa."

Kafin ta sake magana ƙaninta ya yi sallama. Shi ne Guguwa, bakanike, kuma ɗan gaban da 'yan bakin gareji suka ɗora wa duk burinsu.

"Yaya, da gaske kai ne a layi?"

"Ka gode wa Allah, yaro."

"Na gode masa. Amma don girmansa, in ba ka ga komai ba, kada ka yi komai."

"Saurara. Ni a fili ba ni da ƙane, ba ni da suruki, ba ni da unguwa. Ido ne da tuta kawai."

"Abin da nake tsoro ke nan," in ji Guguwa.

Ranar wasa fili ya cika maƙil, har kan katanga mutane ne. Tela ya shigo da gajeren wando baƙi da ya ɗinka wa kansa. Da ido ya auna, sai dai jikin da idon ya tuna na lokacin samartaka ne, don haka wandon ya kama shi kamar fatar ganga. A ƙafa takalmin zuwa ofis ne mai ƙyalli. Da ya warware tutar iska ta buɗe ta, sai da na kusa suka kauce. Mai tuta na ɗaya gefen ya dubi tasa, ya ɓoye ta a baya don kunya.

Rafalin wasan mai kemis ne na bakin hanya, wanda ake tsokana da Dakta. Mutum ne mai tumbi, wanda bai yarda da gudu ba, in ya shiga da'irar tsakiyar fili ba ya fita sai an tashi. Tela ya tare shi gaban kyaftin-kyaftin biyu.

"Dakta, kafin a fara. Na gaji da ganin rafali yana raina mai tuta. Yau in tutata ta tashi, usur ɗinka ya tashi. Ba tambaya, ba 'ni ban gani ba', kuma abin da na ce shi ke nan."

"Amma a doka ni ke yanke hukunci. Taka shawara ce."

"Daga tsakiyar fili, da wannan tumbin? Ka yi alkawari gaban mutanen nan, ko in naɗe tutata in koma shago."

Dakta ya tuna gudun da za a rage masa, ya ɗaga hannu ya yi alkawari. Kyaftin biyu suka shaida.

To, aikin mai tuta a baki ba wuya. Ka tsaya a rabin filinka daidai da ɗan baya na ƙarshe, in ya gudu ka gudu, in ya dawo ka dawo. Fuskarka ga fili, bayanka ga 'yan kallo, bakinka a rufe, tuta a ƙasa har sai ka ga abu. Sai dai akwai abu biyu da ba a halicci Tela da su ba. Ba ya iya juya wa magana baya, kuma ba ya iya magana sai da hannu.

An fara wasa ke nan, 'yan gareji na kai hari ta gefen Tela, sai ga surukinsa, mahaifin matarsa da Guguwa, ya iso da 'yar kujerarsa ta naɗewa. Tela mutum ne mai ladabi in akwai masu kallo. Ya juya, ya ɗaga hannu sama.

"Baba! Barka da isowa!"

Hannun da ya ɗaga shi ke riƙe da tuta. A daidai lokacin an zura wa Guguwa ƙwallo, ya ɓalle, daga shi sai gola.

Fiiit!

Guguwa ya ja birki har ya kusa faɗuwa. "Yaya! Me na yi?"

Tela ya ɗaga kai ya ga tutarsa can sama tana kaɗawa. Ya ce gaisuwa yake yi? A gaban Mai Aski, wanda ya kafa benci daidai bayansa da duk 'yan shago? Ya gyara tsayuwa.

"Satar gida."

"Mutum uku ne a gabana lokacin da aka ba ni!"

"Daga inda kake ba a gani. Daga nan ake gani."

Suruki ya zauna a hankali ya ce, "Malam Tela, na amsa. Kada ka sake gaishe ni."

Aka ci gaba. Ɗan baya na ƙarshe ya ruga gaba, Tela ya bi shi taku kaɗan takalmin ofis ya zame, ya tsaya yana haki. Daga nan ya yanke wa kansa hukunci cewa gwani ba ya bin yara da gudu, daga wuri ɗaya zai auna kowa.

"Ma'auni!" Mai Aski ya ƙwala kira. "Wandon nan zai ga ƙarshen wasa kuwa?"

Tela ya juya a fusace. "Kai da ba ka iya daidaita saje ba, kai ne za ka yi maganar ɗinki?" Yana nuna shi da tuta yana kaɗa ta.

Fiiit!

"Me ya faru?" Dakta ya tambaya daga nesa.

Tela ya waiga da sauri ya nemi ƙwallo. Tana hannun golan 'yan tasha.

"An taɓa da hannu!"

"Gola ne fa!" fili ya amsa gaba ɗaya.

"Na san gola ne. Riƙon ne bai yi min ba."

'Yan bayan tasha ba wawaye ba ne. Magoya bayansu suka lura da abin da ke tashin tutar, suka tattaro suka dawo bayan Tela. Da 'yan gareji sun ɗauko hari sai wani ya ɗaga murya.

"Tela, an ce aljihun da kake ɗinkawa ba ya da gindi!"

"Uban wa ya ce?" Tuta sama. Fiiit!

"Tela, gemun nan fa yana zuba, zufa ta wanko rinin!"

"Gemun gado ne, ɗan rainin wayo!" Tuta sama. Fiiit!

Kowane usur kuwa sai Tela ya samo masa laifi. An ture, an harɗe, an ja riga, an yi niyyar jan riga. Har kocin 'yan gareji ya zo ya durƙusa a gabansa.

"Tela, mu fa mutanenka ne. Mu muke kawo maka ɗinki."

"Matsa, kana tare min layi."

Rana ta take, zufa ta fara sauko da baƙi-baƙi a wuyan rigarsa. Don ya ceci gemu, Tela ya kama tutar da hannu biyu ya shimfiɗa ta bisa kansa ya yi inuwa. Bai sani ba, ko ya manta, wannan ita ce alamar da mai tuta ke yi in za a canza ɗan wasa.

Fiiit! "Canji!" in ji Dakta.

Kocin 'yan tasha ya ce shi bai nemi canji ba. Na 'yan gareji ya ce shi ma haka. Aka zuba wa Tela ido.

"Tutata ba ta tashi a banza," in ji shi. "Dole wani ya fita."

"Wa?"

Ya miƙa ƙarfen labule ya nuna wanda ya fi kusa. Katanga ne, ɗan bayan 'yan gareji da ya hauro gaba, wanda tun da aka fara gasa ba wanda ya wuce shi. Katanga ya dubi bayansa ko wani ake nufi. Kocinsa ya ɗora hannu a ka. Dakta ya ce shi alkawari ya ɗauka gaban shaidu, ba zai zama maƙaryaci a kan ɗan baya ɗaya ba. Aka fitar da Katanga yana rantsuwa, aka nemi wanda zai maye gurbinsa. Aka same shi a ƙarƙashin bishiya, ya cire takalmi yana shan lemo, don tun da ya shiga ƙungiyar ba a taɓa kiransa ba.

Aka tafi hutun rabin lokaci babu ci. Guguwa ya zo ya kama hannun Tela biyu.

"Yaya, na roƙe ka don darajar 'yar uwata. Sa tutar nan a hammata. Ka matse ta. Ko gobara ta tashi kada ka fitar."

"Kai za ka koya min aiki?"

"A'a. Hannun ne nake ga ya gaji."

Hannun kuwa ya gaji, ƙarfen labule ba sandar wasa ba ne. Tela ya yi kamar alfarma ya yi wa yaro, ya cusa ta a hammata.

Aka dawo, ƙungiyoyi suka canza gida kamar yadda aka saba, yanzu 'yan gareji ke tsaron ragar gefen Tela. Shi ba wanda ya sanar da shi. Ƙwallo ta fita a ƙafar ɗan tasha, ya zaro tuta ya nuna inda ya saba nunawa, aka ba 'yan tasha jifa. Ta sake fita, ya sake ba su. Da aka yi masa ihu an canza gida, ya ce ya sani, gwada su yake yi ya ga ko suna lura. Ya mayar da tuta hammata ya matse.

"Ma'auni," in ji Mai Aski cikin murya mai sanyi, "ni fa har yau ban gane satar gidan nan ba. Ko kai ma ba ka gane ba ne?"

Wannan ba maganar da za a bari ta wuce ba ce. Tela ya juya wa fili baya gaba ɗaya. Tun da tuta na hammata hannayensa biyu sun samu 'yanci, ya buɗe makaranta.

"Kalli nan, jahili. Wannan hannun ɗan baya ne. Wannan ɗan gaba ne. In wannan ya wuce wannan kafin a buga..."

A bayansa kuwa ɗan gaban 'yan tasha ya daɗe da wuce kowa. Ya daɗe a can har sun gaisa da gola sun tambayi iyali. Aka ɗago masa ƙwallo daga tsakiya.

"Ɗaga! Ɗaga! Tela, ɗaga!" unguwa gaba ɗaya ta ɗauka.

"Ku yi min shiru ina bayani!"

Ƙwallo ta kwanta a raga. Dakta ya dubi gefen Tela, ya ga tuta a ƙasa lafiya lau, ya nuna tsakiyar fili. Ɗaya da nema. Satar gida guda tak ta gaskiya da aka yi a wasan, ita ce kaɗai tutar ba ta gani ba.

"Yanzu na gane," in ji Mai Aski. "Allah ya ƙara ilimi."

Daga nan ba wanda ya sake yi wa Tela magana, ko 'yan tasha sun ga ya gama musu aiki. Lokaci ya yi ta tafiya, Dakta ya fara duba agogo. Sai Guguwa ya dawo har gidansu, gab da inda Tela ke tsaye, ya ƙwace ƙwallo a ƙafar wani. Bai nemi kowa ba. Ya yanke na farko, ya yanke na biyu, ya tsallake tsakiya, na uku ya zauna a ƙasa ba a ce masa zauna ba. Ya shiga can ɗaya rabin filin, wanda ba na Tela ba ne, ya kwantar da gola, ya tura ta cikin raga a hankali kamar mai ajiye ƙwai.

Fili ya kaɗa. Mai tuta na can gefen ya ruga zuwa tsakiya, alamar ƙwallo ta ciwu. Suruki ya miƙe tsaye ba sanda. Shi kuwa mutumin da ba shi da ƙane, ba shi da suruki, ba shi da unguwa, ya daka tsalle sama.

"Ƙanina ne! Ƙanina ne! A gidana yake cin abinci!"

Tuta ta fito daga hammata ta yi sama, tana kaɗawa hagu da dama, rawaya da ja, ana hango ta daga tasha. A tsalle na biyu wando ya ba da wata ƙara daga baya, ɓarrr, amma ihu ya rufe ta.

Fiiit! Fiiit! Fiiit!

Dakta ya soke ƙwallo.

A karon farko tun da aka fara wasa Dakta ya bar da'irarsa, ya tako har gefen fili yana numfashi sama-sama, 'yan wasa na biye da shi.

"Ma'auni, me ka gani?"

Tela ya dubi Guguwa. Ya dubi suruki. Ya dubi Mai Aski, wanda ya harɗe hannu yana murmushi. Kalma ɗaya ce za ta dawo da ƙwallon: murna. In ya faɗe ta unguwa ta farke, a je fenareti. Amma in ya faɗe ta, ya yarda gaban duniya cewa tutar Ma'auni tana tashi a banza, kuma mai tutar da ke rawa don ƙaninsa ya ci ba zai sake hawa kujerar nan ya zagi kowa ba. Ya hango kujerar a ransa, da sosonta, da kukanta.

"Satar gida," in ji shi.

"Yaya!" Guguwa ya kusa kuka. "Wa ya ba ni ƙwallon? Ni na ɗauko ta a gabanka! Ta yaya mutum zai yi satar gida ba wanda ya ba shi?"

"Ƙafarka ta hagu ta ba ta dama. Ta daman kuwa ta riga ta wuce ɗan baya. Na auna."

"Daga nan? Ba ma gefenka ba ne!"

"Ido ba shi da gefe."

Kyaftin ɗin 'yan tasha ya matso ya tuna wa Dakta alkawari. Dakta ya share zufa, ya duba agogo, ya ga lokaci ya cika, ya busa usur ɗin tashi ya nufi ƙofa da saurin da ba a san yana da shi ba.

Jama'a suka ɓarke cikin fili. Tela ya ɗaga tuta don ya yi jawabi, sai wata murya ta tsaga taron.

"Labulena!"

Matarsa ce. Ta zo ganin ƙaninta ya ɗauki kofi, tana can nesa cikin mata, sai a tsallen nan ta ga gezar da kyau.

"Wannan ne wankin? Baban yara, wannan ne wankin?"

"Maman yara, a gida za mu yi wannan maganar."

"Wane gida? Gidan da duk mai wucewa ke leƙa mu muna cin abinci?"

Ta kama tuta ta ja. Ya riƙe, don a lokacin ne iska ta sanar da shi abin da ya faru da wandonsa, kuma ya so ya ɗaura ta a ƙugu. Suna cikin ja-in-ja sai hon ɗin bas ya karaɗe wurin. Direba ne ya dawo daga tafiya, ya ga taro a fili, ya diro ko injin bai kashe ba.

"Me ake yi a nan? Tela! Ba kai ka same ni a tasha ka rantse an ɗage wasa ba?"

Duk wuyan da ke filin ya juyo.

"Mai kama da ni ka gani," in ji Tela.

"Mai kama da kai har ya auna min riga?"

Matar ta fizge labulenta. Tela ya rasa tuta, ya rasa abin rufa baya. Ya manna bayansa da katangar fili, fuskarsa ga jama'a, ya dinga tafiya gefe-gefe da sauri, ƙafa na korar ƙafa, ido a fili, baki a rufe, har ƙofa.

"Ku duba!" Mai Aski ya yi ihu yana riƙe ciki. "Sai yanzu ya iya tafiyar masu tuta!"

Wani ya ɗauki komai a waya. Mai Aski ya haɗa ta da talabijin, kuma tun daga ranar ba a fara kallon kowane wasa a shagon sai an nuna tsallen Tela, a maimaita shi a hankali, a tsayar daidai inda wando ya rabu. Kujera aka ba Direba. Labule ya koma tagarsa da ɗinki a tsakiya, gajere, rana na shigowa ta ƙasa. Suruki in Tela ya zo gaisuwa sai ya ce a fara duba hannunsa.

Tela kuwa bai fasa zuwa shago ba, don in ya fasa za a ce ya ji kunya. Yana zama a bencin ƙurya yana ba duk baƙon da ya zo aski labarin zaluncin da aka yi masa: rafali marar ra'ayi, ƙane marar ladabi, unguwa marar godiya. In baƙon ya tafi, sai ya juya ga janareta. Ya gano abokin hira ne na kirki, yana rufe murya kuma ba ya kai gulma.

Ran nan da la'asar shago ya cika, janareta na ta ruri. An nuno wani mai tuta ya yi kuskure, Direba ya juya kujera tana kuka yana yanke hukunci. Tela ya ji kukan kujerar har cikin haƙarƙari. Ya sunkuya kusa da janareta, ya ɗaga murya yadda ya saba don ya ji kansa.

A daidai nan man janareta ya ƙare. Ya yi tari sau biyu ya mutu, talabijin ta ɗauke, shago ya yi tsit, sai muryar Tela kaɗai, tar da ita har bakin titi.

"...kai dai ka san gaskiya. Ni na kori Direba, ni na yanka labule, ni na ɗaure Dakta da alkawari, kuma murna nake yi, ba wata satar gida. Duk ni na jawo wa kaina."

Ya ɗago kai. Ido sama da talatin a kansa. Mai Aski ya tsaya da reza a sama, kumfa na ɗiga.

Guguwa, wanda tun ranar wasa bai ce masa uffan ba, ya gyara zama.

"Yaya, mu da ke nan gaba ba mu ji sosai ba. A maimaita mana. A hankali."